Kawu da Sitiyari Mai Nauyi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma a makon jiya Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu. Ban san unguwarmu ta Jega Firchin tana iya ɗaukar manyan motoci haka ba sai ranar jana'izarsa. Gingimari bayan gingimari, tun daga bakin kwalta har lungun masallaci, wasu da lodinsu a kai, direbobin sun ji labari a hanya sun juyo. Har makabarta warin albasa ya bi mu. Da Kawu zai ɗago kai da ya ce an kyauta masa, don har ya bar duniya bai yarda albasa wari take yi ba.

A zaman makoki kowa da irin Kawun da ya zo da shi. Wani tsohon manomi daga Jiga Birni, da ƙyar aka sauko da shi daga kan babur, ya zauna ya kama hannun liman.

"Malam, shekarad da ruwa yac ci min gona, ɗan abin da nis samu bai kai a tsai da mota ba. Ina bakin hanya kowa na wuce ni. Shi ɗai yat tsaya, yas sauko da kainai yaɗ ɗora min. Allah shi tsaya mai yadda yat tsaya min."

Aka amsa da amin. Sai wani tsohon direba, abokin tafiyar Kawu tun suna yaran mota, ya gyara zama ya ce, "Mutumin kirki na, ba wanda ka musu. Amma ku ji tsoron Allah ku hwaɗi gaskiya, motatai ba ta tuƙuwa. Na taɓa kama mai ita daga Koko zuwa Maiyama, da niz zo gida sai da anka gasa min kahwaɗa da ruwan zahi." Direbobi suka fashe da dariya, suka tuna inda suke, suka mayar da ita tari.

A cikin gida, Inna, wato mahaifiyata, ba ta yi kuka da farko ba. Ta dubi tabarmar da yake zama a zaure ta ce, "To, taurin kai ya kwanta." Daga nan ne ta sa mayafi a fuska, aka kasa rarrashinta. Babban ɗan Kawu kuwa, taubashina, wanda tun muna yara ba ya ganina bai kira ni bawansa ba, ya zauna a ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa da "Da godiya" kawai. Ko kallon inda nake bai yi ba, ni ma ban matsa masa ba.

An faɗi alherin Kawu, an faɗi sallarsa, an faɗi marasa lafiyar da ya ɗauka kyauta zuwa wajen masu ɗori a Aliero. Abu ɗaya ne kowa ya tsallake: shagon gem ɗina na wasannin kwamfuta, inda ya yi yawancin hantsin shekarunsa na ƙarshe. Na gane dalili. Ba a son a ce dattijo mai furfura, alhaji, ya ƙare a kujerar wasan yara. To ni zan faɗa, don a kan kujerar nan na ga Kawu ya yi abin da ya fi duk tafiye-tafiyensa wuya, kuma ina tsoron in na yi shiru a manta.

Kawu direban albasa ne tun kafin a haife ni. Daga Aliero da ƙauyukanta yake lodi, ya biyo ta Jega, ya miƙe kudu ta Maiyama. Shekarar da aka ba mu jiha ya ɗan huta da albasa, ya yi ta jigilar gadaje da kujerun ma'aikata daga Sakkwato zuwa Birnin Kabi, yana mita wai gadon ma'aikaci ya fi buhu raki. Tafin hannunsa kullum warin gas da albasa yake yi, ko ya wanke da sabulu. Ba ya magana in ya tayar da mota sai ya tsallake gadar bakin gari, ko gaishe shi ka yi sai dai ya ɗaga gira. Motarsa ce kaɗai a tasha ba a rubuta mata komai a goshi ba. In an tambaye shi sai ya ce mai wa'azi ya tafi masallaci, ita aikinta ɗaukar kaya.

Maganarsa da kowa ya haddace ita ce, "Ido maƙaryaci na, hannu ba shi ƙarya." Ya yi imani da wannan magana kamar karatu. Ya ce ido yana ganin kwalta sumul, hannu ne zai gaya maka akwai rairayi a kanta. Ido yana ganin lodi daidai, hannu ne zai gaya maka ya rinjaya hagu. Shi ya sa yake son sitiyari mai nauyi, wanda ke ja da kai, a zamanin da babu abin sauƙaƙa shi sai ƙarfin damtsenka.

Nauyin nan da gangan yake sa shi. Wani maƙeri na bakin kasuwa ya ƙera masa ƙarafa biyu da yake kira harshe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, baki siriri, gindi mai kauri, kamar ruwan gatari. Ana cusa su tsakanin sifirin da ke ɗauke da nauyin mota da aksul ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, kaurin yana kallon baya. Da an ɗaure, sai sandar da taya ke juyawa a kanta ta ɗan kishingiɗa baya. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, sai ya sa na jawo kekena.

"Dubi ƙahwag gaba," in ji shi. "Tsaye take ko kishingiɗe?"

Na ce kishingiɗe.

"To shi yas sa kaka sakin hannu kana yi ma 'yan mata burga ba ka hwaɗi ba. Kai ta ga maƙeri shi miƙe maka ita tsaye, ka saki hannu, mu gani in haƙoranka sun kwana bakinka. Mota ma haka nan ta. In ka kishingiɗa ta, ta yi nauyi, amma da ka hita kwana ita da kanta za ta nemi tsakiya."

Da haka ya koya wa taubashina tuƙi. Ina baya a kan buhuna ina kallo ta ɗan tagar bodi. Zai zaunar da shi a gabansa, ya ɗora manyan hannuwansa a kan na yaron, su sha kwana tare. Da sun fito sai ya ce, "Saki. Kak ka yi kokawa da ita." Yaron ya sassauta yatsu, sitiyari ya zame ta cikin tafinsa, hannun uban yana ɗan jan nasa zuwa tsakiya. Ni ma an gwada koya mini, amma ranar farko na nufi rumfar mai shayi, Kawu ya ce wa Inna ta bar ni da boko, can ne ba a kashe kowa.

Tsufa ya fara shigarsa ta kafaɗa. Taubashina, wanda a lokacin ya zama mataimakinsa a mota, yana ganin uban yana shafa man zafi kullum, yana cije baki in zai ɗaga hannu ya yi kabbara. Tausayi ya kama shi. Ya san in ya ce a rage nauyin sitiyari zagi zai sha, don haka wata rana da Kawu ya tafi ɗaurin aure, ya shiga ƙarƙashin mota da makanike suka zare harsunan nan biyu. Bai gaya wa kowa ba. A zuciyarsa gata ya yi wa tsoho, ashe garin neman gira za a taɓa ido.

Washegari da hantsi suka tashi da cikakken lodi. Taubashina ya ce tun kafin Maiyama Kawu ke ƙunƙuni, mota tana yawo a hannunsa, ya gyara dama ta tafi hagu. Da suka wuce Mungadi, a wata 'yar kwana, akwai amalanken shanu a gefen hanya. Kawu bai gan shi ba sai da suka zo dab. Ya fizgi sitiyari da irin ƙarfin da ya saba fizgar mai nauyi, shi kuwa ya zama kamar faifai, mota ta yi cikin kwari ta kwanta a gefenta. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, mai amalanke ko ƙwarzane bai yi ba. Albasa ta watse har cikin gonakin mutane, hannun taubashina na dama ya karye.

A gidan mai ɗori a Aliero aka yi faɗan, ina tsaye ina riƙe da ƙafafun taubashina ana jan hannun. Zafi ya sa ya faɗi abin da gidan duka ke ɓoyewa.

"Baba, ba ka ga amalanken ba. Ni tun daga nesa nig gane shi. Idonka ya tahi, Baba."

Kawu ya riga ya leƙa ƙarƙashin motar tun a kwarin. Ya ce, "Idona ko hannunka? Wa yac cire min harshe? Ka shiga ƙarƙashin motata awa ɓarawo, ka maishe ta karuwa, kowace iska ta kira ta ta bi, sannan ka ce idona?"

Mai ɗori ya ce su ji tsoron Allah su bari ya gama aikinsa. Suka yi shiru, kuma shirun nan ya ɗauki watanni.

An lallaɓa an kai Kawu asibiti. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ido ce ke mutuwa daga gefe, abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bakin kwalba ne, kuma kada ya sake tuƙi. Kawu ya ce likitan ko keke bai iya ba. Da aka gyara mota, hannun taubashina ya warke, iyali suka taru suka ba shi makulli, ya ci gaba da tuƙa ta babu harshe, don shi ma ɗan ubansa ne wajen kafiya. Abin da ya hana kowa barci shi ne Kawu yana da makulli na biyu, a zare a wuyansa, ƙarƙashin taguwa. Ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da aka fara cire albasar bana zai tayar da motarsa, wanda ya isa ya tare shi.

Ya daina ambatar sunan ɗansa. In zai yi maganarsa sai ya ce "mai motag ga". Ya daina cin tuwon gidansa don cefanen mai motar ne, ya koma cin abinci wajen Inna. Ita kuma kullum ta gan ni sai ta ce, "Kai da yake sake ma huska, ka karɓe makullin nan kahin shi kashe ɗiyan mutane." Ni kuwa ina zan fara? Albasa tana ta ƙosawa a fadama, mu muna ta kallon wuyan Kawu.

A lokacin, wajen shekara goma da samun jiha, na gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, na buɗe ɗan shago kusa da gidan Inna. Wani abokina ya kawo mini kwamfuta ta hannu daga Ikko, da sitiyarinta da totur da birki, da gem na tseren motoci. Sitiyarin yana da ɗan inji a ciki, in ka hau gargada ya girgiza, in ka sha kwana ya ja hannunka. Iyayen unguwa suka sa mini suna mai lalata yara, kuma a cikin masu kiran sunan babu wanda ya kai Kawu ɗaga murya.

Wata rana da hantsi, yara suna makaranta, ina gwada abina ni kaɗai, sai na ga inuwa ta rufe ƙofa.

"Wace mota ta ka kuka cikin ɗaki?"

Na miƙe na ba shi kujera, ina jiran wa'azi. Ya zauna, ya laluba sitiyarin da tafin hannu kamar yadda yake laluba taya da safe. Na ga yatsunsa sun kama shi a inda suka saba kamawa. Na zaɓar masa filin gwaji, inda babu kowace mota sai tasa, na ce ga totur nan a dama. Ya matso da fuska kusa da gilashi, ya taka. Bai yi nisa ba ya saki sitiyarin ya goge hannu a riga.

"Wagga matatta ta. Ba ta gaya ma hannu komi. Awa wadda wani yaz zare ma harshe."

Na ce, "Kawu, hoto ne fa, ba ta da aksul."

"Wanda yay yi ta ya san mota ko bai sani ba? In ya sani, ya aje wurin kishingiɗa ta. Bincika."

Akwai wani shafi a gem ɗin da ake gyaran mota, cike da Turancin makanikai, wanda ban taɓa kula shi ba, don ni da yara abin da muka sani shi ne a taka totur. Na shiga ina taɓa wannan ina taɓa wancan, shi yana riƙe da sitiyari yana cewa ba shi ba ne. Har na zo kan wani layi da aka rubuta kasta, da ɗan zanen taya da sanda a kishingiɗe. Na tura shi gaba. Kawu ya sha kwana ɗaya, ya sassauta yatsu, sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Wallahi na ga fuskar tsohon nan ta buɗe yadda ban gan ta ba tun ranar Mungadi.

"Ga ta nan," in ji shi a hankali. "Ƙara kaɗan."

Na ƙara, na zarce har ƙarshe don in burge shi. Ya sha kwana biyu ya daka mini tsawa. Wai yanzu na mayar da ita jaki, ba ta son shiga matsattsiyar kwana, kuma kowane ɗan tudu sai ya bugo masa a wuyan hannu. Muka yi ta ja da baya har ya ce in tsaya. A nan, in ji shi, tana da nauyin da za ta miƙe a doguwar hanya ba ta yawo, in ta shiga kwana tayar waje tana kwantawa ta kama ƙasa, kuma kafin gaba ya zame hannu zai ji ya yi sakayau. Ban fahimci rabin abin da ya faɗa ba a ranar, amma na ga motar ta daina fita hanya.

Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Mai kiran mutane masu lalata yara ya zama shi ke riga ni zuwa ƙofar shago. Na yi murna, na ɗauka ya samu abin da zai mantar da shi gingimari. Ashe shi shaida yake tarawa. Ranar da aka ce an fara cire albasa a Aliero, ya zo da sabuwar hula, ya zauna ya ce, "Tai ka kira min mai motag ga."

Na same shi a tasha yana duba mai. Ya ce, "Bawana, in faɗa na a gaya mai na ƙoshi." Na ce ya zo dai, in ya ƙi zuwa gobe tsoho zai tayar da mota. Ya goge hannu ya biyo ni.

Kawu bai dube shi ba. Ni ya yi wa magana. "Zare mata harshe, ka ba shi." Na mayar da kasta inda na same ta tun farko, taubashina ya zauna. Direba ne na gaske, amma motar ta yi ta rawa a hannunsa, ya gyara nan ta ɓalle can, da ya zo kwana ya ɗan fizga sai ga shi a cikin ciyawa. Kawu ya ce in mayar mata. Na mayar inda muka tsaya. Taubashina ya sake tafiya, mota ta miƙe sak, ya zagayo lafiya. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ka jiya?" in ji Kawu, karo na farko da ya yi masa magana kai tsaye tun gidan mai ɗori. "Ka ji abin da kay yi min?"

"Na jiya, Baba. Na yi kuskure. Kahwaɗakka nit tausaya ma."

"To tashi ka ga tuƙi."

Kawu ya zauna ya zagaya filin nan kamar a cikinsa aka haife shi, ko layin gefe bai taɓa ba. Ya juyo yana murmushi, hannunsa ya riga ya kai wuyan taguwa inda makulli yake. Ni kam na ce shi ke nan, an gama, gobe sai dai mu bi shi da addu'a. Sai taubashina ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, hanyar Koko ba a share ma kowa ita. Bawana, sa mai motoci."

Na dubi Kawu. Ya ce, "Sa."

Na sa tsere na sosai, motoci cike da hanya. Ya tashi da kyau, ya bi bayan wata yana riƙe da tazara irin ta tsohon direba. A wata doguwar kwana, wata jar mota ta zame ta tsaya a gicciye a gefen dama. Ni na gan ta, taubashina ya gan ta, ta cika kusan rabin gilashi. Kawu bai ko ɗaga ƙafa daga totur ba. Ƙarar ta cika shagon, sitiyari ya fizge daga hannunsa.

"Mi nib buga?"

Na dubi taubashina, shi ma ya dube ni.

"Na ce mi nib buga?"

Na ce, "Mota ce, Kawu. Ja. Ta ɗan jima a wurin."

Ya ce a sake. Aka sake. Wannan karon wata ce ta zo wuce shi ta hagu, tana gefensa ƙiri-ƙiri, ya koma kanta kamar babu kowa. Bai ce a sake na uku ba. Ya zauna hannuwansa a kan cinya, injin gem yana ta kuka shi kaɗai, har na miƙa hannu na rage murya. Tausayinsa ya kama ni har na ji da ban kira kowa ba.

Can ya ce, "Hannu bai yi ƙarya ba. Hanya yag gaya min, daidai. Abin da ab bisa hanya na bai sani ba." Sannan ya ƙara, "Da ɗan mutum na hwa?"

Ya sa hannu ya ciro zaren ta kansa, hula ta faɗi bai kula ba. Ya miƙa makullin, ba daidai inda ɗansa yake tsaye ba, ɗan gefe kaɗan. Taubashina ya matsa ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

"Amma ka maida mata harshenta."

"Yau ɗin nan, Baba."

Da la'asar aka shimfiɗa wa Kawu tabarma a gindin mota a tasha. Taubashina yana ƙarƙashi, uban yana miƙa hannu yana laluba yana cewa kaurin baya, kaurin baya, kai ko ba ka ji. Daga nan suka wuce gida tare, Kawu ya ci tuwon gidansa har da neman ƙari. Inna ta yi kwana da kwanaki tana yi masa tsiya, wai ta huta da ciyar da ƙato.

Bai sake zama a gaban gingimari ba sai a kujerar fasinja, amma shagona bai huta ba. Kullum da hantsi yana nan a filin gwajinsa, shi kaɗai a hanya. In yara sun taso makaranta sukan same shi, kuma a hankali suka gane tsohon ya fi ni amfani. Yaro zai ce motarsa tana juyewa, Kawu ya kama wuyan hannunsa ya matsa, ya ce mini, "Wanga ba shi da ƙwari, rage mai kaɗan," ko kuwa, "Wanga gaggawa gare shi, ƙara mai nauyi shi natsu." Iyayen da ke kirana mai lalata yara suka rasa bakin magana, tunda ga alhaji a ciki. Da idon ya ƙarasa tafiya, jikarsa ke jawo shi. Ya riga ya haddace filin a hannu, sai dai in ce masa kwana ta zo, wani lokaci ma kafin in faɗa ya riga ya shiga. An kawo sababbin gem, kwamfutar ta tsufa, amma na bar ta a kusurwa, kuma motar Kawu na hana kowa taɓa gyaranta.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ya cika da rana, kansa a kan cinyar babban ɗansa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya, ya sa tsayawar da ya yi wa mutane a bakin hanya ta tsaya masa.

Bayan an share makoki, ina zaune a shago da hantsi, na kasa kunna komai, sai ga inuwa a ƙofa. Har na miƙe zan ba da kujera kafin in ga taubashina ne. Bai kira ni bawansa ba. Ya dubi kusurwa ya ce, "Tana tashi?"

Na ce tana tashi.

"Sa min ta Baba."

Na kunna, na sa masa filin gwaji. Ya zauna a kujerar, ya kama sitiyari a inda fentin ya goge. Ya tafi a hankali, ba irin tafiyar tsere ba. Da ya fito kwanar farko na ga ya sassauta yatsu, sitiyari ya zame ta cikin tafinsa, yana jan hannunsa zuwa tsakiya. Ya sha ta biyu, ya sake saki. A ta uku ya ɗaga ƙafa, mota ta tsaya a tsakiyar hanya, ya kifa goshi a kan sitiyarin, kafaɗunsa suna rawa. Tun ranar rasuwar ban ga hawayensa ba sai a nan.

Sai na faɗi abin da ya zo bakina. Na ce, "Ya yi maka nauyi ne? In rage?"

Bai ɗago ba. Ya ƙara riƙe shi da hannun nan da ya taɓa karyewa.

"Bar shi," in ji shi. "Hannun Baba na."